Cefanen Sallah da Haƙƙin Mutanen Unguwa

 

An nemi in yi magana a kan taimakon juna a watan azumi da kwanakin Sallah. Falalar ciyarwa da ladan sadaka, malaman da ke zaune a nan sun fi ni bakin faɗarsu, kuma nan da 'yan kwanaki za ku ji su a wuraren tafsiri har ku ƙoshi. Ni kuɗin zan bi sawunsu, in ga inda suke kwana.

Daga yau da muke cikin Sha'aban zuwa daren Sallah, kowane magidanci aljihu biyu yake buɗewa. Ɗaya na hidimar gida ne: gero, sukari, dabino, ɗinkin yara, hula, takalma, kaji, kuɗin kitso da lalle. Ɗayan na neman lada ne: buɗa-baki a masallaci, zakkar fidda kai, goron Sallah. A yawancin gidaje na farkon ya fi na biyun nauyi nesa ba kusa ba. Amma ƙaramin muke yi wa niyya da addu'a, babban kuwa da wayo da matsi muke kashe shi. Abin da nake son mu duba shi ne, mutumin da muka matse a ciniki da safe, sau da yawa shi ne muke miƙa wa sadaka da yamma.

Garin nan namu na Kano da sana'ar hannu ya yi suna. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana ɗaukar tufafin da aka saƙa aka rina a nan zuwa Tambutu da Gat da Murzuk har Tarabulus. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa kuwa shi ne, aikin ba a manyan ma'aikatu ake yin sa ba irin na Turai. A gidaje ake yi, mace na kaɗi, namiji na saƙa, wani na rini, wani na bugu, kowa yana cikin iyalinsa. Daga baya masaƙun zamani suka zo. An buɗe Kaduna Textiles a 1957, ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ma ta tsaya a 2007, waɗanda ke Bompai da Sharaɗa da Challawa kuma kun fi ni sanin labarinsu, don wasunku can iyayenku suka yi aiki.

Saboda haka yau in ka shiga Kantin Kwari, shaddar Getzner da kake alfahari da ita daga Ostiriya ta zo, atamfar uwargida ko daga Holan ko daga Sin. Yadin ya riga ya fita daga hannunmu, kuma ba cefanen Sallar bana ne zai dawo da shi ba. Abin da ya rage namu shi ne hannun da ke taɓa yadin da abin da ke kewaye da shi: tela, mai aikin wuya, mai zanen hula, mai wankin hula, baduku, marini, mai kitso, mai lalle, mai haɗa turaren wuta, da matar da ke tuya dublan da alkaki da cincin a tsakar gidanta. Binciken da hukumar SMEDAN ta yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, na shekarar 2021, ya ce ƙanana da matsakaitan sana'o'i a Nijeriya sun kusa miliyan 40, kuma mafi yawansu irin waɗannan ne, na mutum ɗaya ko biyu. Su ne ke riƙe da yawancin masu neman abinci a ƙasar nan, ba gwamnati ba, ba manyan kamfanoni ba.

Bari in tsaya a kan tela, don shi ne wanda kowa ke zagi a daren Sallah. Yaya muke yi da shi? Sai azumi ya kai ashirin mu kinkimo yadi kala biyar mu zube masa. A ja ciniki har sai ya ce ya sallama don kunya. A ba shi ɗan kafin alƙalami wanda ko zare da maɓalli bai isa ba. Shi zai sayi fetur ɗin janareta, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kun san abin da wannan ke nufi. Shi zai ciyar da yaran shago sahur da buɗa-baki, su kwana a kan keke goman ƙarshe, lokacin da mu muke sahun tahajjud. Daren Sallah mu aiko yaro ya karɓi kaya, da saƙon wai a gaya masa sai bayan Sallah. Wannan "bayan Sallah" kan kai Babbar Sallah, wani lokaci ma sai an zo da sabon ɗinki a tuna da tsohon bashi. Alhali abin da ya samu a waɗannan makonni da shi zai biya hayar shago, da shi zai rayu a watannin da ɗinki ke ɗaukewa.

Ba wanke teloli nake yi ba, na ga wasu a zauren nan suna murmushi. Saɓa alƙawari laifi ne, kuma karɓar aikin da ka san ya fi ƙarfinka zalunci ne ga yaron da zai tafi idi da tsohuwar riga yana kuka. Amma ku tambayi dalilin da ya sa yake haɗama. Mutumin da ya san kashi mai yawa na masu ɗinkinsa ba za su biya a kan lokaci ba, dole ya tara aiki fiye da kima don ya cike giɓin. Wanda ya kai ɗinkinsa tun yanzu, ya biya rabi a hannu, ya cika ranar karɓa, ya yi wa telan alheri ba tare da ya cire ko kwabo daga aljihun sadaka ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a tamu da ke ba ni mamaki. A babban kanti mai sanyi, inda aka manna farashi a jikin kaya, ba ma cewa uffan, kati kawai muke miƙawa. Amma tsohuwa mai daddawa da kuka a bakin Kasuwar Rimi, sai mun taya ta rabin kuɗi, ta ce albarka, mu yi kamar za mu tafi, ta kira mu, sannan mu nemi gyara. Ciniki al'adarmu ce, ba na cewa a daina. Sai dai a san wanda ake gwada wa ƙarfi.

Yanzu mu shiga cikin gida. Wata masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta nuna cewa akwai kasuwa sukutum da ke ci a bayan katanga, tsakanin matan da ba sa fita, wadda ido ba ya gani kuma ƙididdiga ba ta kama ta. Bayanta Enid Schildkrout ta yi bincike a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa yara ne ƙafafun wannan kasuwa, su ke kai kaya su dawo da ciniki. Har gobe haka abin yake, kuma a watan azumi ya fi ƙarfi: ƙosai, kunun tsamiya, kunun gyaɗa, zoɓo, awara, ƙanƙara. Muna yawan yin tir da talla, musamman ta 'yan mata da dare, kuma da gaskiyarmu. To amma yarinyar nan ta fito ne saboda mai saye bai shiga ba. Yau da waya a kowane gida, uwargida za ta iya yi wa maƙwabciyarta magana tun kafin azumi, ta ce kullum a ajiye mana ƙosai na kaza, ta tura kuɗin mako gaba ɗaya, ɗanta namiji ya je ya karɓo. In gidaje goma suka yi haka, an rage wa yarinya ɗaya yawon dare.

A nan ne aljihun nan biyu suke haɗuwa. Kwamitin masallaci da ke tara kuɗin buɗa-baki, wa yake bai wa aikin girkin? In akwai matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu a layin, kuma ta iya girki, me zai hana a ba ta kwangilar wata guda a biya ta kamar yadda za a biya kowa? Kuɗi ɗaya ya ciyar da mai azumi, ya kuma ba ta jari, ba tare da ta tsaya a layin karɓar taimako ba. Haka kayan Sallar marayu da ƙungiyoyi ke rabawa: a sayi yadi, a bai wa telolin unguwa tun da wuri, maimakon a kwaso ɗinkakku 'yan kanti.

Wasu za su ce ai a Amurka ma ana irin wannan kira. Gaskiya ne. A 2010 kamfanin American Express ya ƙirƙiro wata Asabar a ƙarshen Nuwamba don a yi sayayya a ƙananan shaguna, a 2012 kuma aka fara ware Talatar da ke biye don bayar da taimako. Kada mu manta American Express kamfanin katin bashi ne, yana da nasa lissafin. Su sai da suka sa wa abin rana saboda manyan kantuna da intanet sun riga sun cinye shagunan cikin gari. Mu har yanzu mun san sunan mai shagon layinmu da sunan babansa, abin da suke ƙoƙarin farfaɗowa ke nan.

Sai batun aikin hannu, wato abin da iyali za su yi da jikinsu. A watan Maris na 2024, cikin azumi, mutane sun mutu a turmutsitsin rabon zakka a Bauchi, mata da yara. A Disamban shekarar, yara 35 suka rasu a wani taron rabon kyauta a Ibadan, bayan kwana uku kuma aka sake yin asarar rayuka a wuraren rabon abincin Kirsimeti a Okija da Abuja. Masu rabon da niyyar alheri suka fito, yunwa ce ta yi yawa. Amma duk sanda aka ce mabukata su taru wuri guda su jira mai bayarwa, an buɗe ƙofar irin wannan.

Ku dubi yadda aka tsara zakkar fidda kai. Mudun Annabi huɗu ne a kan kowane rai, daga abincin da mutanen gari suka fi ci, a fitar kafin a yi sallar idi. Kaɗan ce, a warwatse take, kowane gida ya san wanda zai kai wa. Ba ta buƙatar fili ko 'yan sanda. Shawarata ga iyaye maza ita ce, kada ka auna ka bai wa direba. Ka sa yaranka su riƙe buhu kana aunawa, ka faɗa musu wannan na wane ne, sannan su ɗauka da kansu su yi sallama, su durƙusa su gaida mai gidan, su ajiye su fito. Kuma a bar waya a aljihu. Hoton talaka yana karɓar hatsi, in ka sa a Facebook, ka karɓi wani abu daga gare shi wanda ya fi hatsin tsada.

Aikin gayya ba baƙo ba ne a wurinmu, gonar surukai da yaɓen ɗaki duk da shi aka yi su. Abin da ya canza shi ne mun mayar da komai na kuɗi, har yaranmu sun ɗauka taimako shi ne tura lambar asusu. Ga filin idi yana son shara, ga kwatar layi ta toshe. Ga tsohon da 'ya'yansa ke nesa, ba mai wanke masa rigar Sallah ko kai shi aski. A manyan asibitocinmu akwai majinyatan da suka zo daga ƙauye, a baranda suke buɗa-baki da ruwan leda, kula ɗaya ta kunu daga gidanku ta ishe su. Samarin gida masu lafiya za su iya zuwa ba da jini bayan sun sha ruwa, don haihuwa da haɗarin mota ba sa jiran a gama azumi. A gidajen yari akwai masu zaman 'yar tarar da ba ta taka kara ta karya ba. Kafin ma a je nesa, almajirin da ke muku wanke-wanke da yarinyar da ke muku aiki, telan da ya ɗinka wa 'ya'yanku shi ya kamata ya auna su. Wanda ke shakkar ko ƙaramin abu na taruwa ya zama babba, ya dubi fatun layya da ƙungiyar Izala ke bi gida-gida tana tarawa kowace Babbar Sallah.

Na san abin da ke ran wasunku. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024 bisa lissafin hukuma. Magidancin da ke da 'ya'ya takwas, in takalmin roba ɗan Sin a Kasuwar Wambai ya fi na baduku sauƙi, ba wanda ya isa ya zarge shi. Da masu albashi da 'yan kasuwa nake, waɗanda ke da zaɓi. Masu sana'a kuma su sani maƙwabtaka ba ta rufe aikin ha'inci, in takalmi ya ɓalle ranar hawan Daushe ba mai dawowa baɗi. Kuma da na ce mutanen unguwa, har da Bayaraben tela da Inyamurin mai shagon magani da kuka shekara ashirin tare, su ma Disambarsu na zuwa da irin wannan nauyi.

Ga masu unguwanni ina da roƙo guda. Kafin a ga wata, a zauna da limamai da shugabannin mata a rubuta masu sana'ar kowane layi, har da na cikin gida, da lambar da za a same su, a bai wa kwamitin masallaci da duk mai niyyar ciyarwa ko ɗinka wa marayu. Wanda kuma ya san tela ko mai kitso ko mahauci na bin sa bashin Sallar bara, ga sauran kwanakin Sha'aban.

Na ga shugaban zama ya turo mini 'yar takarda. Teloli su fara tambaya, na san suna da ita.