Hazon Hunturu a Manchok: Wa Zai Faɗa wa Jama'a?

Hunturu ya kankama. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe duwatsun Kagoro, ta gauraya da hayaƙin ƙona daji, janareta da icen girki a Manchok da Kafanchan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iska na kashe mutane kusan miliyan 7 kowace shekara.

Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, tana gargaɗin hazo, amma galibi da Turanci. Mai asma fa? Tsohuwar da tari ya hana barci fa? Ƙaramar hukumar Kaura mai kula da Manchok, ku sa a riƙa sanarwa da Hausa da Sholio, a coci, a masallaci, har ranar kasuwa.