Nisan sama daban, nisan ƙasa daban: daga Gadarif zuwa Fot Sudan ko Gondar



Tambayar da ta fi zuwa mana a 'yan kwanakin nan ita ce: mutumin Gadarif da zai hau jirgi, ko don umara ko don asibiti, wane filin jirgi ne ya fi masa kusa? Lokacin da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 aka rufe filin jirgin Khartoum, hankalin jama'a ya koma wurare biyu, Fot Sudan a bakin Bahar Maliya, da Gondar a ƙasar Habasha.

To, mu fara da Fot Sudan. Daga filin jirginmu na Azaza, idan aka ja zare a miƙe, kimanin kilomita 650 ne, jirgi zai cinye shi cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Amma mota ba tsuntsu ba ce. Sai ta bi Shuwak, ta ƙetare kogin Atbara a Khashm al-Girba, ta shiga Kasala, ta miƙa Haya da Sinkat, sannan ta gangara duwatsu zuwa Sawakin. Wannan kusan kilomita 800 ke nan. Bas kan ci wuni guda, babbar motar tumaki kuwa ta fi haka.

Gondar fa? A sama ba ta kai kilomita 300 ba. A ƙasa, daga Gadarif zuwa Gallabat kimanin 155 ne, daga Matama zuwa Gondar kuma ƙasa da 200. Abin dariya, filin jirginsu yana wani gari mai suna Azezo, kamar ɗan'uwan namu Azaza.

Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai ce ai Gondar ce kusa. A yi hattara. Tsakaninku da ita akwai iyaka, akwai biza, akwai canjin kuɗi zuwa bir. Gadarif tana kan tudun da bai wuce mita 600 ba, Gondar kuwa ta haura mita 2,000, hawa ne mai cin mai da cin lokaci. Ga kuma rikicin yankin Amhara da ya taso a 2023, wanda ya sha tsayar da motoci a kan wannan hanya. Hanyar da ta fi gajarta a taswira tana iya kwanar da kai uku a bakin iyaka.

Saboda haka, malam mai riɗi, idan za ka yi cinikin haya da direba, ku yi shi a kan nisan kwalta, ba lambar da waya ta fara nuna maka ba. Kai kuma mai kai raguna Sawakin, lissafa ruwa da harawa har da kwanan da za a yi a shingaye, don dabbar da ta rame a mota kuɗinta ya riga ya ragu. Da damina kuwa, ku da kuka san laƙar Gadarif, 'yar tazarar da ke tsakanin ruga da bakin titi ita kaɗai tana iya cinye yini.

Kafin ka yanki tikitin jirgi, tambayi direban da ya dawo jiya. Ka kuma bar wa kanka rarar kwana ɗaya ko biyu, jirgi ba ya jiran wanda ke Haya.

Allah Ya kai kowa lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.