Fili da motar asibiti a teburin majalisar gunduma

 

Tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙolin Najeriya ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, muhawararmu ta tsaya a kan hanyar da kuɗin zai bi, ta hannun gwamna ko ta hannun ciyaman. Mun manta da tambayar da ke biye: in kuɗin ya iso, a gaban wa za a raba shi? Domin amsa ta, bari mu leƙa ƙaramar hukuma irin ta Amurka, wato gunduma, mu ɗauki jihar Ayowa misali.

Ayowa tana da gundumomi 99, kowace da majalisar zaɓaɓɓun mutum uku ko biyar. Doka ta wajabta a sanar da ajandar zamansu akalla awa 24 kafin lokaci, kuma ƙofa a buɗe take ga kowa. Wanda ya bi rahotannin irin wannan zama zai riƙa cin karo da batutuwa biyu: sake gina filayen da suka mutu, da motar ɗaukar marasa lafiya a karkara. Da ganinsu kamar ba abin da ya haɗa su, alhali daga tukunya ɗaya suke ci, wato harajin gidaje da gonaki.

Ga yadda na farkon yake. A ce akwai tsohuwar masana'anta da ta zama kango. Majalisa za ta ayyana wurin a matsayin yankin farfaɗowa, a rubuta darajarsa ta yau. In mai jari ya gina, darajar ta hau, to ƙarin harajin da hawan ya haifar ba zai shiga babban asusu ba. Da shi za a biya bashin titi da bututun ruwa, ko a mayar wa mai jarin wani kaso, wani lokaci har shekara 20. Tsarin yakan raya gari, amma yakan zama kyauta ga mai hali, kuma duk dalar da aka keɓe ta haka an hana ta wani aikin.

Motar asibiti na cikin ayyukan da ke jira. Da yawa daga cikinmu mun zo ƙasar nan da zaton wannan matsala ce ta gida kaɗai. A jihohi da dama na Amurka doka ba ta tilasta wa kowace hukuma ta samar da motar ba. A ƙauyuka 'yan sa-kai ne ke tuƙa ta, manoma da masu shaguna, ga tsufa ya kama su, ga matasa sun koma birni. Inshorar Medicare kuwa galibi sai an kai mara lafiya asibiti take biya, don haka kuɗin zaman jiran kira dare da rana ba mai ɗaukarsa. A 2021 Ayowa ta yi dokar da ta ba gunduma ikon ayyana aikin a matsayin wajibi, ta ɗora harajin da bai wuce santi 75 a kan kowace dala 1,000 ta darajar kadara ba, bisa sharaɗin kashi 60 cikin ɗari na masu ƙuri'a su amince. A Nuwamban 2022 gundumomi takwas suka gwada, biyar suka amince, uku suka ƙi. Mu kam ba ma ganin ƙin nan abin yabo ne. Sai dai manomin da ya ƙi ya san abin da ya ƙi, ya kuma san farashinsa.

A gida, ba ikon ne babu ba. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma aikin kimanta gidaje don haraji, ya kuma sa ta cikin samar da kiwon lafiya. Dokar filaye ta 1978 ta bar filayen birni a hannun gwamna, na karkara a hannun ƙaramar hukuma. Dokar lafiya ta 2014 ta ware kashi 5 cikin ɗari na asusun lafiya a matakin farko don jinyar gaggawa. Duk da haka, a jihohin Arewa da dama sai da aka koya wa direbobin tasha na ƙungiyar NURTW yadda za su ɗauko mai naƙuda daga ƙauye. Allah ya saka musu da alheri, amma motar haya ba ta da iskar numfashi.

Batun fili kuwa, mun ga abin da ya faru a Kano a Yunin 2023: gwamnati ɗaya ta ba da wurare a Filin Idi da otal ɗin Daula, mai bi mata ta rushe gine-ginen. Wannan aikin jiha ne, kuma ba mu zo raba gardamar wa ke da gaskiya ba. Amma filin makaranta, da na kasuwa, da gefen maƙabarta da ake yankawa a garuruwanmu, haka suke tafiya: sai an zuba yashi da bulo mutane ke jin labari.

Saboda haka muna ba kwamitin ƙungiya shawara. Kowannenmu ya rubuta wa kansilan mazaɓarsa, ko ya tura ɗan'uwa sakatariya, da tambayoyi uku: yaushe majalisa ta yi zamanta na ƙarshe, waɗanne filaye aka bayar bana kuma nawa suka kawo, sannan motar asibiti nawa ke tashi in an murza makulli, wa ke zuba mata mai. Amsar da aka samu, har da shirun da aka yi mana, mu buga su a fitowa ta gaba da sunan kowace ƙaramar hukuma.