Bangaskiyar Kullum: Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Makarantar Littafi Mai Tsarki



Bangaskiyar Kirista aba ce da ake sabuntawa kowace safiya. Baftisma sau ɗaya ake yin ta, takardar shaidar da za a miƙa wa ɗalibai yau ma sau ɗaya ake karɓa, amma bin Almasihu ba shi da ranar saukewa. A Bisharar Luka sura 9, Yesu ya haɗa ɗaukar gicciye da kowace rana, bai keɓe shi ga Lahadi ko lokacin tsanani ba.

Tun a Tsohon Alkawari aka kafa wannan tsari. Littafin Fitowa sura 16 ya nuna yadda Isra'ilawa suka yi shekara 40 suna cin manna a jeji. Kowa na yini yake tarawa, wanda ya ɓoye saura kuwa sai ya wayi gari ta yi tsutsa tana wari, in ban da rana ta shida da aka yarda a ninka saboda Asabar. Addu'a da karatun Kalma haka suke, na jiya ba ya ƙosar da yau. Daniyel ya saba durƙusawa sau uku a yini tun kafin dokar Sarki Dariyus mai hana addu'a ga Allah ta fito. Ranar da ta fito bai ƙirƙiro wata jarumtaka ba, abin da ya saba ya ci gaba da yi, shi ne kuma ya kai shi ramin zakoki.

Tarihin ikkilisiya a ƙasar nan ya tabbatar da haka. A 1893 'yan mishan Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas. A 1894 biyu na farko suka rasu, sai a 1902 mishan ɗinsu ya samu gindin zama a Patigi, daga wannan aiki kuma ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. A 1923 aka yi sujadar farko a Garkida ƙarƙashin tsamiya, tushen ikkilisiyar EYN ke nan. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda Dokta Walter Miller ya sha ɗawainiyarsa, bai fito ba sai 1932. Littattafai sunayen Turawa suka fi riƙewa, amma akasarin nauyin masu bishara 'yan ƙasa ne suka ɗauka. Da safe suna gona, da yamma suna koya wa manya da yara karatu, da dare su jagoranci addu'a, shekara da shekaru, ba albashin kirki.

Wurin gwada bangaskiya a yau bai canza ba: mudun da ake auna hatsi da shi a kasuwa, bashin da aka yi alkawarin biya, haƙƙin ɗan ƙodago, zama da maƙwabci Musulmi a suna da gaisuwar rasuwa. Gwaji mafi nauyi kuwa shi ne gafara. A 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi, yawancin 'yan matan da aka sace a Chibok kuma 'ya'yan wannan ikkilisiya ne. Duk da haka ikkilisiyar ta tsaya kan koyarwarta ta ƙin ramuwa. Wanda ya binne ɗansa ya san ba a yafewa sau ɗaya a huta, domin gobe zuciya za ta sake tayar da zancen.

Ɗaliban da ake yayewa yau yawancinsu ƙananan majami'u za a tura su, inda fasto shi ne malami, shi ne mai sulhunta ma'aurata, shi ne mai raka mara lafiya asibiti. Wa'azin Lahadi bai cika wuce awa ɗaya ba, sauran kwana shidan jama'a ido suke zuba wa gidan fasto: yadda yake magana da matarsa, yadda yake lissafin baiko a gaban dattawa, da ko ana ganinsa a addu'ar asuba ranar da mutum uku kaɗai suka zo.