Sojan da Rauni Ya Sama a Bakin Fensho

Ku ba ni aron hankalinku kaɗan. A lokacin zaɓe, kowane mai neman ƙuri'a ya hau duro sai ya yabi soja, ya ce su ne garkuwar ƙasa. Yabo ba ya cin kwabo. Abin da nake so mu duba shi ne abin da doka ke yi wa soja ranar da jikinsa ya gaza. Zan ɗauko misalina daga Amurka, domin can ne aka fi kashe wa soja kuɗi a duniya, kuma komai nasu a rubuce yake. In rigar mai arziki ta yage, ai talaka sai ya duba tasa.

A Amurka, fenshon soja yana rataye ne a kan shekara 20. Wanda ya cika 20 a bakin aiki, a tsohon tsari, zai riƙa karɓar rabin albashinsa kowane wata har ya koma ga Mahaliccinsa, ga magani shi da iyalinsa. Waɗanda suka shiga daga 2018 nasu kashi 40 ne cikin 100, tare da wani asusun ajiya. Wanda kuwa ya tafi da ƙafarsa yana da shekara 19 da wata 11, ba shi da fenshon wata-wata ko sisi. A cikin ƙananan sojoji, masu kaiwa 20 ɗin ba su kai mutum ɗaya cikin biyar ba.

To, da yaƙin cacar baki ya ƙare aka fara rage sojoji, sai majalisarsu ta hango zaluncin da zai iya aukuwa, watau a bar mutum ya yi ta fama, in ya kusa gaci a miƙa masa takardar sallama. Saboda haka a 1992 ta sa doka: ƙaramin sojan da saura masa shekara biyu ko ƙasa da haka ya cika 20, ba za a sallame shi don ragin ma'aikata ba, ba kuma za a ƙi sabunta masa aiki a tura shi gida ba. Dole a riƙe shi har ya kai. Sojojin can suna kiran wannan da wata kalma mai ma'anar mafaka. Mu da Hausa sai mu ce tudun mun tsira.

Doka mai kyau, ko ba haka ba? Amma ku saurari inda gizo ke saƙa. Tudun nan bai tsare mutum daga sallama iri biyu ba: sallamar laifi, da sallamar rashin lafiya. Mai laifi dai shi ya jawo wa kansa. Wanda bam ya tashi da motarsa fa? Wanda nauyin kaya ya cinye masa gadon baya cikin shekara 18? Shi in likitoci suka ce bai iya aiki ba, sai a kai shi gaban wani kwamiti, a auna nakasarsa kashi-kashi, tsarin da ya samo asali tun 1949. In aka ba shi kashi 30 cikin 100 ko fiye, ya sami ritayar nakasa, da kuɗin wata da maganin iyali. In aka ba shi 20 ko 10, alhali bai cika shekara 20 ba, sai kuɗin sallama dunƙule ɗaya, a rabu.

Bari mu yi lissafin tare, don kada a ce na yi ƙari. Kuɗin sallamar nan albashin wata biyu ne a kan kowace shekarar aiki. A ɗauka ga saje, ya shiga soja yana ɗan shekara 18, ya yi 18 a ciki. Za a ba shi albashin wata 36. Da an bar shi ya ƙarasa shekara biyun nan, rabin albashi zai riƙa karɓa, kuma cikin shekara shida kacal ya karɓi kwatankwacin wancan dunƙulen, sa'an nan ga sauran rayuwarsa a gaba. Bugu da ƙari, in Ma'aikatar Tsofaffin Sojoji ta fara biyansa diyyar wannan rauni, sai ta riƙa zare kuɗin sallamar daga ciki har ta fanshe, sai fa in a fagen daga ya ji raunin, wanda aka keɓe tun 2008. Ku dubi Allah, ina bambancin wannan da cin moriyar ganga a ya da kwaurenta?

Kada ku ce abin bai faru ba. A watan Fabrairu na 2007 jaridar Washington Post ta tona asirin asibitin soja na Walter Reed, inda aka jibge waɗanda suka dawo da rauni daga Iraƙi da Afganistan a ɗakuna masu funfuna da ɓeraye, suna jiran takardu wata da watanni. Aka cire kwamandan asibitin, sakataren rundunar sojan ƙasa Francis Harvey ya sauka. Da aka shiga tono, sai ƙorafi ya fito fili cewa kwamitocin soja suna ba mutane kaso ƙasa da abin da Ma'aikatar Tsofaffin Sojoji ke ba su. A dokar 2008 majalisa ta kafa hukuma ta musamman don ta sake duba takardun duk wanda aka sallama da kashi 20 ko ƙasa, daga 11 ga Satumba 2001 zuwa ƙarshen 2009. Waɗanda abin ya shafa sun haura dubu 70.

Akwai wata 'yar ƙofa, gaskiya ne. A rundunar sojan ƙasa, wanda aka ce bai iya aiki ba yana iya neman a bar shi ya ci gaba, ko a ofis ko wajen horon kurata, musamman in ya wuce shekara 15, ko a yaƙi ya ji raunin, ko yana da sana'ar da ake ƙarancin masu ita. Amma wannan roƙo ne. Ana iya amsawa, ana iya ƙi. Kowa a nan ya san bambancin wanda ya je ofis karɓar haƙƙinsa da wanda ya je neman alfarma. Na farko a tsaye yake magana, na biyu kuwa da hula a hannu. Shi ya sa in ɗan takarar majalisa ya zo ƙofar gidanku yana yabon soja, ku tambaye shi: a dokar da zai sa wa hannu, riƙe mai rauni har ya kai fensho wajibi ne, ko kuwa sai an ga dama?

Ko wanda ya sami ritayar nakasar ma bai huta ba. Tsohuwar ƙa'idarsu ita ce duk dalar da aka ba tsohon soja ta diyya, a zare dala guda daga fenshonsa. Daga 2004 aka fara ɗauke wannan ga wanda ya cika shekara 20 kuma nakasarsa ta kai kashi 50. Wanda rauni ya fitar kafin 20 aka bar shi da ɗan sassauci kawai. Manjo Richard Star na cikinsu. Ya yi aiki a Iraƙi da Afganistan, ya kamu da ciwon daji na huhu, aka yi masa ritaya bai cika 20 ba. Yana jinya yana bin 'yan majalisa a gyara dokar, har ya rasu a Fabrairu 2021. Shirin dokar da aka sa wa sunansa zai amfani tsofaffin sojoji wajen dubu 50. A zangon majalisa na 2023 zuwa 2024, wakilai fiye da 300 da sanatoci fiye da 70 suka sa hannu suna goyon baya, daga jam'iyyun biyu duka. Zangon ya ƙare ba a ko kaɗa ƙuri'a a kansa a zauren majalisa ba, wai ba a sami inda za a ciro kuɗin ba.