Tafkin Chadi Ba Ya Zama Wuri Ɗaya: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Shekara Na Ƙungiya, Unguwar Sarki, Kaduna



Kwamiti ya kawo shawarar mu tara kuɗi mu gina rumbun kifi a gida, a bakin ruwa. Kafin mu sa hannu a aljihu, ya kamata mu tambayi kanmu: wane bakin ruwa? Wanda iyayenmu suka sani, ko na bara?

A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000. Da farin 1973 ya zo, sai ya rabu gida biyu, kudu da arewa. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 ruwan da ake gani a fili bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Dattawan da ke zauren nan sun ga wake da masara a inda suka taɓa jefa koma.

Mun saba ɗora laifin a kan madatsun Tiga da Challawa. Gaskiya ne sun rage ruwan da ke gangarowa ta Haɗeja zuwa Komadugu Yobe, kuma mutanen fadama sun ji a jikinsu. Amma abin da Yobe ke zubawa a tafkin kaɗan ne tun asali. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da koguna ke kawo masa daga Shari da Lagon yake fitowa, wato damunar Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Kamaru ce ke cika shi. Ga shi kuma tafkin kamar faranti yake, ba shi da zurfi, rana kuwa tana shanye kimanin mita biyu na ruwansa kowace shekara. Saboda haka in damuna ta gaza a can kudu shekara biyu ko uku, sai gaɓa ta ja baya da tafiyar kilomitoci. In ta yi albarka, ruwa ya dawo neman wurinsa, ba ya tambayar wanda ya yi gini.

Kuma yana dawowa. Tun daga shekarun 1990 ruwan ya ɗan farfaɗo, a 2022 da 2024 kuwa Shari ya cika har ya mamaye unguwanni a Njamena. Masu cewa tafkin ya mutu sun yi gaggawa.

Gwamnati ma ta taɓa yin wannan kuskuren. Shirin noman rani na Kudancin Chadi da ke Marte an tsara shi ne bisa ruwan shekarun 1960, sai tafki ya janye ya bar magudanar a bushe.

Don haka muna roƙon kwamiti ya dasa rumbun a kan tudu, kusa da hanyar mota, a kuma ware wani kaso na kuɗin don kwale-kwale da amalanke masu bin ruwa duk inda ya koma. A tuntuɓi tsofaffin masunta su nuna iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa kafin a haƙa tushe.

Allah Ya maido da zaman lafiya a yankinmu.