Injiniyan da ya ƙera harsashi kafin ya ƙera motar Citroën

Da yawa daga cikinmu sun san motar Citroën, amma kaɗan ne suka san yaƙi ne ya gina masana'antarta. A shekarar 1915, cikin yaƙin duniya na ɗaya, harsasan igwa suka yi wa sojojin Faransa ƙaranci. Injiniya André Citroën ya samu kwangilar gwamnati, ya kafa masana'anta a unguwar Javel ta birnin Paris. Ya rarraba aikin daki-daki, kowane ma'aikaci da nasa. Akasarinsu mata ne, domin maza suna fagen fama. Kafin a ajiye makamai a 1918, ya fitar da harsasai fiye da miliyan 20.

A 1919 ya mai da wurin na ƙera motoci, har motocinsa suka ratsa Yamai da Damagaram a ƙarshen 1924. Iliminsa na nan yadda yake. Abin da ake biyan sa ya ƙera ne ya sake. Saboda haka alhakin bai tsaya kan injiniya kaɗai ba: ma'aikacin da ke sa hannu kan kwangila da ɗan kasuwar da ke karɓar ta, kowa na da rabonsa.